Inda Ruwa Ya Fi Zurfi

Kakata Aune ta ce iyaka tana cikin kogi,
ba a wannan gaɓa ba, ba a waccan ba,
can tsakiya, inda ruwa ya fi zurfi.
Ina ɗan shekara bakwai na tsaya bakin Tornio,
na ƙura ido har ya kawo ruwa.
Ban ga igiya ba, ban ga shinge ba,
sai kifaye suna ƙetarewa babu takarda.

Na ce, Kaka, ban gan ta ba.
Ta ce, iyakar ganinka ke nan.
Ji kalmar, har ta sake riga.
Ɗazu tana raba Finland da Sweden,
yanzu tana auna idon yaro.

Ƙanwarta Helmi a hayi ta yi aure.
Agogon can yana bin bayan namu da awa guda.
Da tara na dare Kaka kan ɗaga fitila ta taga,
Helmi ta amsa da takwas,
ƙiftawa ɗaya mai suna biyu.
In ruwa ya yi fushi ya hana kwalekwale,
iyakar hirarsu ke nan,
kuma ta ishe su.

Kakana Veikko masunci ne, mai tsadar magana.
In ya dawo da kwando wayam
sai ya rataye koma a ƙusa,
ya ce na yi iyakar yina,
ya cire takalman roba, ya nemi gefen murhu.
Sau ɗaya na ji ya ɗaga murya,
ranar da Torsten, mijin Helmi,
ya sa lauje a ciyawar wani ɗan tsibiri
da bai fi shimfiɗar bargo goma ba.
Ya ce masa, ka wuce iyaka.
Ba ta kogin yake nufi ba.
Shekara shida ba gaisuwa, ba kallo.
Wannan kam babu ma'aikacin da ya shata ta,
amma duk gidan mun san inda ta bi,
ta ratsa teburin cin abinci,
ta bi ta tsakanin kofi da cokali.

Kaka ta ce mini baki uku ne:
na kogi, na wuƙa, na mutum.
Na farko a tsaya, na biyu a kiyaye.
Ba ta faɗi na ukun ba, ta ci gaba da feraye dankali.

Da sanyi ya kankama kogin yakan daskare,
iyaka ta kwanta ƙarƙashin ƙanƙara ta yi barci,
mu taka ta da ƙafa, mu da karnuka,
mu kai wa Helmi burodi da ɗuminsa.
A watan Yuni kuwa rana takan ƙi faɗuwa,
dare da yini su rasa inda za su rabu,
haske ba iyaka,
har mutum ya yi kewar duhu.

Wata shekara masu awo suka zo da jirgin ruwa,
suka zura igiya, suka yi rubuce-rubuce,
suka ce zurfin ya matsa.
Tsibirin ya koma hannun mutanen hayi.
Lokacin Veikko ya shekara uku a ƙasa,
hannun Torsten ya daina riƙe lauje,
ciyawa ta kai ƙugu, agwagi ne ke mulkinta.

Bara numfashin Kaka ya kai iyakarsa.
Na tsaya gefen gadon ina neman layin,
ban gan shi ba, kamar dai wancan karon.
Na dai san yana inda ya fi zurfi.

Helmi ta zo jana'iza, ta zuba ƙasa da hannunta.
Duk da haka da takwas takan ɗaga fitila.
Ni ma da tara nakan bar abin da nake yi,
in goge gilashin taga da hannun riga,
in amsa.