Kafaɗar Dalyop

Ranar Talata, a ɗakin zane na Naraguta,
sanyin Jos ya riga mu shiga.
Malama Kangyang ta sa a hura kasko a kusurwa,
ba don mu ba, don wanda zai tuɓe.

Wata uku muna zana gunkin farar ƙasa
da aka kawo tun kafin a haife ni,
hancinsa a gutsure, ƙirjinsa sumul,
bai taɓa tari ba, bai san bashi ba.
A jikinsa muka haddace ƙa'ida:
tsawon namiji kai takwas ne,
wanda ya rage ya yi kuskure.

Yau kuwa Dalyop ne ya hau akwati.
Ya ninke rigarsa kamar mai shirin shiga rafi,
ya bar ɗan bante, ya kafa ido a taga.
Ni na kafa nawa a takarda.
Kunya ta riƙe mini wuyan hannu,
gawayi ya karye sau biyu.

Malama ta tsaya a bayana:
"Ba a zana abin da ba a kalla ba.
Likita ma da ido yake farawa."

Na ɗaga kai.
Na miƙa fensir, na runtse ido ɗaya, na auna:
bakwai da ɗan ɗoriya.
Ragowar, ramin kuza ya ci a Bukuru,
buhunan dankalin Farin Gada suka ƙarasa.
Kafaɗar hagu ta sauka kamar sikelin da aka danne,
haƙarƙari na ƙirga numfashi,
ga tabo a kwiɓi, miƙaƙƙe,
kamar layin dogon da jirgi ya daina bi.

Sai hannuna ya yi masa kara.
Na daidaita kafaɗun,
na shafe tabon da babban yatsa,
na cika masa kai na takwas.

Da aka yi hutu ya yafa bargo,
yana bin allunanmu da kofin shayi.
Ya daɗe a gaban nawa.
"Ɗan wane ne wannan? Tubarkalla.
Amma 'yata, mayar mini da kafaɗata.
Shekara talatin na yi kafin na sauke ta nan."

Na ciro tsakiyar burodi, na goge,
ɓarɓashin ya zubo baƙi a kan takalmina.
Ya koma kan akwati, ya ajiye bargon,
ya ce in yi sauri,
garwashin kaskon ya fara toka.