Tsaki

Asubar Janairu a Dadin Kowa.
Sanyi ya kama yatsuna har na kasa gane maɓalli.
Na hura musu iska, na ɗora kyamara kan dutse,
na jira.
Ruwan madatsa kwance, ko motsi,
tururi siriri na tashi a kansa,
Bima can baya bai gama farkawa ba.
Kwalekwale ɗaya. Mutum ɗaya ciki, ƙudundune da bargo.
Kukar gefe ta daɗe da zubar da ganye,
ta miƙa yatsu sama, nata ma sun ƙage.
Na danna.

Da dare a Tumfure, da aka kawo wuta,
na buɗe shi a kwamfuta.
Na zare launi, na bar baƙi da fari
da dangin toka da ke tsakaninsu.
Ya yi kyau,
kyau irin na tangaran ɗin da ba a taɓa cin tuwo a ciki ba.
Sama sumul, ruwa sumul,
ido ya hau ya zame, bai sami wurin riƙewa ba.
Ina sanyin?
Ni da na tsaya a wurin haƙorana na kaɗawa
na duba lungu-lungu, ban gan shi ba.

Kawu Manu yana da shago a Sabon Layi,
ɗaki mai jan ƙwan fitila
da warin magani mai bin riga har gida.
Ina ɗan shekara tara nake riƙe masa agogo,
shi yana girgiza takarda cikin tasa,
fuska na fitowa a hankali kamar mai tasowa daga rijiya.
In ka kai ido kusa da hotunansa
ba fata za ka gani ba, ƙwayoyi ne,
gero a baje kan tabarma.
Yakan ja tsaki ya ce fim ɗin nan na arha ne.
Ya ƙare ransa yana neman santsi,
ya rasu kafin santsin ya zo ya cika kowace waya.

To yau ga ni da linzami a hannu
ina jan ma'auni don in dawo da abin da shi ya yi ta gudu.
Goma: ba a ji ba, ba a gani ba.
Arba'in: an watsa wa Bima yashi a fuska.
Na dawo ashirin da biyar, na rage girman ƙwayar,
na ƙara mata kaushi kaɗan,
na bar ta ta zauna a tsakiyar sama,
inda ba fari fat, ba baƙi wuluk.
Sai tsigar jikin ruwan ta tashi.
Sai bargon mutumin ya zama bargo.

Uwani ta leƙo ta kafaɗata:
Yaya, mutane kuɗi suke biya a goge wannan,
kai kuma kana zubawa?
Na yi shiru, don ta wani gefen gaskiyarta ce.
Kyamarar ba ta ga ƙwayar nan ba,
lissafin inji ne, ba azurfar fim ba,
ni na barbaɗa da hannuna.
Amma ai kyamarar ba ta ji sanyin ba.

Inna in ta tankaɗe gari
ba ta zubar da abin da ya rage a rariya.
Da shi ake dambu, da shi ake fate,
tsaki ne ke raya 'yan tsaki.

Ran Laraba na kai Jekadafari aka wanke mini,
babba, na kafa a bangon zaure.
Uwani ta zo wucewa da tire, ta tsaya.
Ta sa babban yatsa ta shafa saman hoton,
ta duba yatsan, ba komai.
Ta ƙara dubawa.
Sannan ta ja mayafi ta rufe kafaɗunta.