Tulun da Ya Yi Shiru

Asuba ta biyu ke nan
ina kara kunne a cikin tulu kamar ungozoma.
Babu kumfa, babu tsuwa,
babu ɗan gunagunin da yakan yi in ya ƙoshi.
Gobe gayyar Nomau a fadamar Jiratawa,
maza goma sha bakwai,
jika uku na kafin alƙalami kuwa tuni sun zama gishiri da kananzir.

Na lasa da yatsa:
zaƙi zalla, kunun yara.

Wa zan tuhuma?
Jar dawa ce ta rumbunmu,
kwana huɗu ina shayar da ita ƙarƙashin buhu
har ta fidda farin gemu.
Ruwan rijiya ne, ba na famfo mai warin magani ba.
Ko da zafi na zuba iri, na dafa shi?
A'a, sai da na tsoma gwiwar hannu.
Ko sanyin ruwan shekaranjiya?
Na naɗe tulun da bargona,
na ja shi gindin murhu, na girgiza.
Shiru.

Tambai ta leƙo ta darni, ta ce baki ne,
in jefa gawayi da barkono uku.
Na jefa.
Gawayi ya yi iyonsa.

Rana tsaka sai ga jikata Cima:
"Kaka, ba ki yaba ba?
Ran Laraba na wanke miki shi da omo,
da soson ƙarfe, har gindi.
A lakwal an ce dauɗa ciwo ce."

Baƙin nan na ciki,
tun hannun uwata yake kwance,
shi ke tada kowace giya daga barci.
Ta kankare shi tas, don ƙauna.
Na ɗaga ludayi.
Na sauke.

Da la'asar na ratsa gonakin gero zuwa gidan Lanti,
wadda ba mu gaisa ba tun rigimar akuya.
Ba ta ba ni tabarma ba.
Ta kwalfo daga ƙasan nata tulun,
ta ce, "Ki maido mini ƙoƙona."

Can tsakar dare
wani abu ya ce tsss,
ya yi shiru, ya sake.
Cima ta ɗago daga tabarma:
"Kaka, yana magana!"

Na ce, "Na ji.
Kwanta.
Kada dai ki ƙara wanke masa baki."