Awa Uku da Rabi

Barira ta ce mini a waya,
"Baba, daga Yamai zuwa Kasablanka
awa uku da rabi ne kacal."
Na ajiye almakashi, na ce ta maimaita.

Awa uku da rabi.
Ko wuyan jamfa ban isa in gama ba,
in ma wutar ta tsaya.

Ran Talata na raka ta tasha
ana kiran assalatu a Birni,
duwatsun bayan gidanmu ba su fito daga duhu ba tukuna.
Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni,
tana aiko mini da sunan kowane gari
har cajinta ya mutu a Dogon Dutsi.
Awa goma sha huɗu, ƙafa ta kumbura,
kilomita ɗari tara ma bai cika ba.

Sai ga wani abu mai fiffike
ya lanƙwame dubu biyu da ɗari huɗu
tsakanin tsakar dare da asuba,
ita kuwa, wai, barci ta yi.
Hamadar nan duka ta wuce ƙarƙashin takalminta
ba ta sha mata ko kofin ruwa ba.

Kakana ya sha ba mu labarin ubansa
da ya bi ayarin fata zuwa Tarabulus.
Ya bar ciki a ɗaka,
ya komo ya tarar yaro na kama bango.
Shi dai ya san abin da ake kira nisa,
tafin ƙafarsa ne ya ƙidaya masa.

Da dare na ɗauko littafin lakkwal na Ilu,
na buɗe taswira a kan teburin yanka,
na shimfiɗa igiyar awo.
Taƙi ɗaya bai cika ba.
Ilu ya yi dariya, ya ce, "Ai Baba, akwai ma'auni a ƙasa."
Na ce na sani.
Shekara talatin ina awo,
ban taɓa ganin yadi ya yi mini ƙarya haka ba.

Nawa lissafin daban ne.
Kuɗin tikiti na raba da ladan ɗinki,
ya ba ni riga ɗari da talatin da 'yan kai.
Ga nisan Damagaram da Kasablanka:
Sallah biyu ina taka keke,
da ragon da ba mu yanka ba bara.

Mutari mai shayi ya ce in kwantar da hankali,
tunda awa uku ne, ai kusa take.
Ban tanka masa ba.
Jirgin bai san ƙofar shagona ba.

Awonta na nan a littafina,
kafaɗa, hannu, tsawo,
da birona na ranar da aka kira sakamako.
Na yanka mata atamfar Sallah jiya.
Na bar yatsa biyu a kowane gefe,
na naɗe ciki, ban datse ba,
don ban san wadda za ta sauko ba.