Karce a Faifai

Ranar kasuwar Gujungu, hantsi ya ɗaga,
Ladidi ta sauke shi a bakin rumfata,
naɗe cikin tsohon saƙi
kamar jaririn da aka kawo wa wanzami.
"Ilu, nawa zai yi?"

Ba a cinikin biri a sama.
Na kwance ƙullin, na ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa.
Ya amsa. Gara ba ta shige shi ba,
sai kusurwa guda da damina ta lasa.
Na sunsuna cikinsa: man gyaɗa!
Wani ya yi ta shayar da ƙarafan nan man gyaɗa
har ya daskare kamar ƙaro.
Na wana hannun sau goma sha biyu,
sifirin ya yi tari, ya yi miƙa, bai tsinke ba.

Shekara talatin ke nan ina wannan wauta.
A ɗakina na Taura lasifika bakwai ke jingine,
biyu masu akwatin maɗaci
da na saya wurin magadan wani akawun tasha,
ɗaya ɓera ya cinye mata takardar baki
na liƙe ta da fallen littafin jikana.
Mai ɗakina ta ce kurame na tara ina ba su masauki,
tunda wuta sai ta ga dama take leƙo mu.
Ta faɗi abinta.
Kunnena ya san muryar da ta fito daga ƙirji,
ya san ta gwangwani.

Faifai ɗaya ne a aljihun murfin,
rubutunsa ya koɗe.
Na goge shi da gefen rigata, na sauya allura.
Da fari shuu, kamar yayyafi a kan kwano,
sannan goge ya taso,
sannan wani mutum da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido
ya buɗe baki a tsakiyar masu awon gero.
Mai rake ya bar fere.

Can ya kai wani wuri ya cije.
Kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya.

Na ce, "Karcen nan zai rage kuɗi."

Ta ce, "Ni na yi shi.
Ina 'yar shekara bakwai, na ja allurar
don in ga mutumin da ke ciki.
Baba bai dake ni ba.
Kullum in waƙa ta iso nan sai ya ƙwala kira:
Ladidi, zo ki fid da bawan Allah
daga ramin da kika tona masa."

Na san wani Alhaji a birni
da zai biya ninki uku,
ya kulle shi a gilashi, kusa da kofunan da ba a sha da su.
Na kuma san kuɗin buhun taki bana,
na ga faso a dugaduganta.

Na ƙirga mata kuɗin katako,
kuɗin sifirin, kuɗin hannu, har kuɗin man gyaɗa.
Faifan na tura gabanta.
"Wannan ban san kuɗinsa ba."

"To a kan me zan sa shi, a kan murhu?"

"Rumfa tana nan duk ranar kasuwa."

Mutumin yana ramin har yanzu, yana ta nanatawa.
Ta goge yatsa a zane,
ta sunkuya,
ta ɗan taɓa.