Fatar Kifi

Ƙarfe uku na dare a Guimarães.
Ruwan sama na dukan tagar hawa na biyu.
Daga ni sai injin ɗumi
mai numfashi kamar tsohon da ya ƙoshi.
A cikinsa faranti goma sha biyu,
a kowanne ƙwayoyin guringuntsi
na rarrafe bisa ragar da na saƙa musu.

Zaren ragar,
in ka tsaga gashin kai gida ɗari biyar
ka ɗauki guda, to ka kusa.
Idona bai taɓa ganinsa ba.
Na'ura ke ba ni labari, ni kuma in yarda,
yadda ake yarda da wasiƙar ɗan'uwa na nesa.

Daga fatar kifi na tatso shi.
Uwata Ermelinda ta yi shekara talatin da ɗaya
tana feɗe kifi a kamfanin gwangwani na Matosinhos,
tana watsa fatar a bokiti,
tsuntsayen teku na jira a bakin ƙofa.
Yau sai na sa hannu a takarda uku
kafin a ba ni bokitin.
Ranar da na faɗa mata ta yi dariya har ta dafe gwiwa,
gwiwar nan da ta ƙi lanƙwasuwa tun bara:
"Lurdes, duk wannan karatu,
ashe juji ya mai da ke?"

Kwantiragina na huɗu ke nan.
Saura wata bakwai.
Na yi uku a Leuven, biyu a Aachen,
akwatina bai taɓa sanin ƙurar saman kabad ba.
Na je banki neman rancen gida,
yaron ya jujjuya digirorina, cikin ladabi,
ya ce, "Aikin dindindin fa, Dakta?"
Telmo, da muka raba benci ɗaya shekara biyar,
ya ajiye farar riga,
yana sayar da kujerun likitan haƙori a Porto.
Ya yi ƙiba. Yana barci da dare.
Ban ga laifinsa ba.

Alƙalin mujalla na biyu,
wanda ban san fuskarsa ba, ya san raunina,
ya ce a sake gwajin da zomaye arba'in.
Kuɗin zomo goma ya rage a asusu.

Amma ɗazu na ɗiga rini a faranti na tara,
na wanke, na sa ido,
sai ga shuɗi.
Shuɗi sosai, irin na teku in an yi nisa da gaɓa.
Ƙwayoyin sun zauna, sun fara gini,
sun ɗauki sharar uwata gidansu.

Ban yi guɗa ba.
Wa zai ji, in ban da firiji?
Kuma ba a yabon ɗan kuturu
sai ya shekara arba'in da yatsa.
Faranti ɗaya ba shaida ba ne.
Na rubuta kwanan wata, na rubuta lamba,
hannuna na ɗan rawa,
tarar ta fito kamar huɗu, na gyara.

In abin ya tabbata,
shekara goma sha biyar kafin ya ga ƙofar asibiti.
Gwiwar Ermelinda ba za ta jira ba.
Wata gwiwa ce za ta samu,
ta wata yarinya da yanzu haka
take tsallen igiya a wani gari,
ba ta san sunana ba, ba ta buƙatar sani.

Lahadi zan hau jirgin ƙasa na safe,
in shafa wa tsohuwa man zafin da ake sayarwa ko'ina.
Za ta kama tafina ta sunsuna,
kamar kullum,
ta ce, "Safar hannu biyu kike sawa,
amma ƙarnin namu ne."