Mai Awo a Gaban Ma'auni

Shekara talatin da biyu ina kasuwar Garwa,
ni Bakari mai awo, rumfa ta uku daga bakin famfo.
Gero, masara, wake, jar gyaɗa,
ko ido a rufe tafin hannuna ya san cikar tiya.
Ban taɓa zaton akwai ranar da zan koma
ɗan koyo a gaban ma'auni.

Ƙishirwa ce ta fara. Na ɗora wa rana laifi,
wa bai san zafin garin nan ba?
Sai fitsarin dare, sau biyar, sau shida,
sai wandon da Sali tela ya ɗinka mini bara
ya fara neman a ƙara tsuke mazagi.
Likita ta dubi takarda, ta ɗago:
"Baba, sukari ne ya yi yawa a jini."

Ni da ke zuba cokali huɗu a kofi
in ce wa Hamman mai shayi ya ƙaro madara.
Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce a rage malmala,
a nemi ɗan inji a riƙa awo a gida,
a rubuta, a kawo mata ta gani.

A kantin magani na hanyar gadar Binuwai
Janabu ta jera mini guda uku.
Na farko baƙi, siriri, wai yana hira da waya.
Tawa wayar mai tocila ce, ba ta jin yarensa.
Kuɗinsa buhun masara har da ɗoriya.
Na ce mayar, wannan na 'yan zamani.

Na biyu ya yi araha har na murmusa,
hannu ya riga ya kai aljihu,
sai ɗan kasuwar da ke cikina ya zungure ni:
Bakari, mai sayen jaki da araha
ya fara tambayar kuɗin harawa da rani.

"'Yata, tsinken da yake ci fa, nawa?"
Ta yi dariya. "Kwalba biyu sun fi kuɗin injin.
In kuma suka yanke, sai an jira motar Duwala,
mako uku, wata guda, Allah masani."

Na uku ba shi da fasali, kamar sabulun wanki.
Maɓalli ɗaya tak.
Lambobi ɓaro-ɓaro, na karanta ba tabarau.
Batirinsa na agogo ne, akwai shi a layinmu.
Tsinkensa da sauƙi, kuma ba ya yankewa,
ko ba nan ba, ka samu a kantin wani.

Na ce a gwada a kaina kafin in ƙirga sefa,
ba a sayen tiya sai an ƙwanƙwasa gindinta.
Ta sa na wanke hannu, na shanya.
Gefen yatsa, in ji ta, ba tsakiya ba.
Cizon cinnaka ma ya fi shi zafi.
Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar dawa ba,
injin ya tsotse, ya yi ɗan tunani.

Lamba ta fito. Ba ta yi mini kara ba.

"Rufe kwalbar da ka ɗauki tsinke,
kar ka bar ta a rana, duba ranar lalacewa,
allurarka taka ce, ko ɗanka kar ka ba shi aro."
Na ce to. Na biya ba tayi,
abin da ban taɓa yi ba, har ta dube ni.

Yanzu da asuba, kafin komai ya shiga baki,
nakan zauna a tabarma in soki yatsa.
Littafin bashi na juya: gaba na masu cin bashina,
shafukan baya nawa ne.
Jiya lambar ta hau. Suna aka yi gidan Hamman,
an zuba nakiya, sauran ba sai na yi bayani.

Na saba in cika tiya ta yi tozo,
in ƙara gyara ga wanda muka daɗe tare.
Wannan ɗan sabulun wata uku muna kwana ɗaki ɗaya,
bai taɓa rage ko ɗigo ba don ni.